Lamba Bakwai a Ɗakin Guga

A ƙasan otal ɗin, in an wuce ɗakin girki aka sauka matakala goma sha huɗu, nan ɗakin wanki da guga yake. Ba shi da taga, sai wata 'yar kafa kusa da rufi wadda ta cikinta ake hango takalman masu wucewa a titi. Injinan wanki uku ne a jikin bango, teburan guga takwas a tsakiya, kowanne da lambarsa. Tebur na bakwai ya shekara ashirin da biyu a hannun mace ɗaya, wadda kowa ke ce wa Anti Kwala.

Aikinta ne ya ba ta sunan. Da goyo ta shigo otal ɗin, aka sa ta ninkin tawul. Tsohon da ke kan tebur na bakwai a lokacin ya lura da hannunta, ya koya mata gugar riga, ita kuma ta fi shi. Kwala, a wurinta, ta baya ake fara goge ta, kuma daga tsini ake tafiya zuwa tsakiya. In aka taso daga tsakiya, yadin ya taru a tsinin ya yi 'yar ƙusumbi, mai rigar ya yini yana jan wuyansa bai san dalili ba. Zafin dutsen guga kuwa ba ta duba lambar jikinsa. Yatsa take jiƙawa ta ɗan taɓa, ƙarar ta gaya mata.

Ƙa'idar ɗakin biyu ce. Da safe kowa ya sa hannu a littafin zuwa aiki da ke bakin ƙofa. Duk rigar da aka goge kuma a maƙala mata 'yar takarda mai lambar tebur, domin in an sami ƙorafi a san hannun wa. Da yamma sai a hau da littafin ofishin manaja, ya rubuta "na gani" a ƙasan shafi ya sa hannu. Shi kansa ba ya saukowa. Ya ce zafin wurin yana sa masa ciwon kai.

Anti Kwala ta gano wani ƙullutu a mamanta na hagu wata safiya tana wanka. Ta yi wata biyu tana cewa zai baje, sai da autarta ta ja ta asibiti. Likita ya ce ciwon daji ne, amma an zo da sauran lokaci. Za a riƙa sa mata magani ta jijiya duk bayan mako uku, ranar Alhamis, har sau takwas, sannan a yi aiki. Da katin asibitin ma'aikatan otal aka buɗe mata fayil. Maigidanta, tsohon direban bas da idonsa ya raunana ya bar tuƙi, ya riƙe katin yana jujjuyawa a hanyarsu ta komawa gida. Duk su ukun sun san in aikin ya tafi, da katin zai tafi.

Washegari ta faɗa wa mutum uku a lungun akwatunan ajiye kaya: Doguwa mai tebur na shida, da Rediyo mai ninki, wadda bakinta ba ya hutawa, da Baba Inji mai kula da injinan wanki, wanda kuma shi ne wakilin ƙungiyar ma'aikata a ƙasan.

Ta ce, "Takardar likita ce. Zan kai sama."

Rediyo ta fizge takardar. "Ki kai ina? Anti, kin manta Inna mai ninki?"

Ba wanda ya manta. Shekara shida da suka wuce Inna mai ninki ta yi ciwon ƙoda, ta hau sama da takardar likita, ta sauko da ambulan a hannu, ta kwashe kofinta da silifas ɗinta, ba ta sake dawowa ba. Tun daga ranar 'yan ƙasa suka tsayar a ransu cewa ofis ba wurin kai maganar ciwo ba ne.

Doguwa ta ce, "Alhamis takwas ne kawai, Yaya. Ni zan sa miki hannu. Sa hannun naki ma mene ne? Ƙugiya ce da wutsiya."

"Rigunan fa?"

"Mu raba mu goge, mu maƙala bakwai. Wa zai sani? Wancan mai ciwon kan?"

Baba Inji ya sosa ƙeya. "Ni dai ban ji ba, ban gani ba."

Rediyo ta ce, "Dama yaushe ka taɓa ji, Baba? Injin ya cinye maka kunne."

Haka aka yi. Alhamis ta farko Anti Kwala tana kishingiɗe a kujerar asibiti, robar ƙarin ruwa a bayan hannunta, lamba bakwai kuwa ta goge riga arba'in da ɗaya. Ranakun Juma'a takan zo da kanta, fuska a kumbure, ta yi guga kaɗan ta zauna a kan kwandon zannuwa, Rediyo na tsaye a bakin matakala tana zuba surutu, ido na sama. Gashinta ya zube a mako na biyar, amma kowa a ɗakin da hular aiki yake yini, ba wanda ya lura. Abin da ya fi damunta yatsunta ne. Kawunansu suka mutu kamar an naɗe su da auduga. Wata rana ta jiƙa yatsa ta taɓa dutse, ta ji ƙarar, ba ta ji zafin ba, sai da ta ga bororo ya tashi.

Bayan Alhamis ta biyar aka kira ta sama.

Akwai wani baƙo, tsohon malamin jami'a, da ke sauka a otal ɗin sau uku ko huɗu a shekara, kuma kullum yakan rubuta a jakar wankinsa cewa a ba lamba bakwai. Shi ne ya kai wa manaja farar riga ya shimfiɗa a tebur. Ba a ƙona ta ba, ba tabo. Tsinin kwalar ne kawai ya yi ƙusumbi. Ya ce ba ƙara ya kawo ba, tambaya ce: lamba bakwai lafiyarta kuwa? Don wannan ba hannunta ba ne.

Manaja ya tura mata rigar. "Ke kika goge wannan?"

Anti Kwala ta dubi kwalar. Daga tsakiya aka taso. Da ta ce ita ce, da iyakarta faɗa da jan kunne. Ta juya kwalar ta baya, ta shafa tsinin da yatsan da ba ya ji, ta ji bakinta ya ƙi faɗin ƙarya.

"Ba ni ba ce, yallaɓai. Ranar ina asibiti."

Magana ta fito duka. Aka kira jami'ar kula da ma'aikata, wata matashiya mai tabarau da ba ta fi shekara biyu a otal ɗin ba. Ta ajiye katin asibiti a dama, littafin zuwa aiki a hagu, ta bi ranakun da bakin biro.

Ta ce, "Mama, kati ya ce kina can, littafi ya ce kina nan. Sau biyar. Sa wa wani hannu laifin kora ne, ga wanda ya sa da wanda aka sa wa." Ta zaro wata takarda. "Amma in kika sa hannu a nan cewa ke kika ajiye aiki don kanki, ba za a rubuta kora ba. Za ki fita da mutuncinki, a bar sauran."

"Katin asibitin fa?"

Jami'ar ta gyara tabarau. "Zai tsaya a ƙarshen wata."

Anti Kwala ta ninke takardar gida huɗu, gefe na bin gefe, ta ce a ba ta zuwa Litinin. Ba ta saba sa hannu a abin da 'yarta ba ta karanta mata ba.

Da ta sauko, Doguwa ta fashe da kuka, Rediyo kuwa ta juya kan Baba Inji. "Kai wai wakilin mene ne? Shekara nawa kana zuwa taro kana shan lemo? Ba wata takarda da aka taɓa ba ka?"

"An ba ni wani ɗan littafi. Yarjejeniyar ƙungiya da otal."

"Yana ina?"

Baba Inji ya nuna ƙasa da leɓe. Tebur na bakwai yana da gajeriyar ƙafa ɗaya. Shekara tara da suka wuce Anti Kwala ta yi ƙorafin yana rawa, shi kuwa ya tura masa abin da ya samu a aljihu. Shi da Rediyo suka ɗaga teburin. Littafin ya fito a matse, bangon ya yi baƙi, da zagayen ƙafar tebur a tsakiyarsa kamar hatimi.

Ranar Asabar da hantsi auta ta zauna a bakin gado ta karanta wa iyayenta shi, tana ɓamɓare shafukan da wuƙar tebur. A shafi na goma sha ɗaya aka ce ma'aikacin da ke doguwar jinya yana da hutun jinya har wata shida, a haɗe ko a rarrabe, katinsa na aiki, gurbinsa na jiransa, in dai ya kawo takardar likita. In kuma ya dawo bai iya aikinsa na da ba, a ba shi wanda zai iya.

Auta ta ajiye littafin a cinya. "Mama! Wata uku kina amai a kwandon mutane, abin yana ƙarƙashin teburinki."

Maigidan ya ce, "Karanta gaba, ke dai. Na sa hannun fa?"

Shi ma yana nan, a shafi na ashirin, kamar yadda jami'ar ta faɗa. Anti Kwala ta sa aka maimaita mata shi sau biyu. A ƙarshensa akwai layin da ya ce shugaban sashe, wato manaja, shi ke tabbatar da littafin kowace rana da idonsa.

Ranar Litinin suka hau su uku, ita da Doguwa da Baba Inji, wanda ya sa riga mai tsabta ya riƙe littafin a ƙirji kamar kullum tare suke kwana. Anti Kwala ta ajiye takardar ajiye aikin a tebur, ba sa hannu.

Ta ce, "Littafin zuwa aiki ne ya yi ƙarya, ba katin ba. Mun yi laifi, ban musa ba. Tsoro ne ya sa mu. Mun ga yadda Inna mai ninki ta hau nan da takarda ta sauka."

Jami'ar ta ce ta duba fayil ɗin a ƙarshen mako. Ba korar Inna aka yi ba. Irin wannan takardar ta sa wa hannu.

"An karanta mata shafi na goma sha ɗaya kafin ta sa?"

Manaja ya ce wannan tsohon zance ne, maganar yau ita ce sa hannun ƙarya, kuma doka doka ce.

Anti Kwala ta jawo littafin zuwa aikin, ta buɗe Alhamis ta farko, ta ɗora yatsa a ƙasan shafin. "Yallaɓai, ka yi haƙuri, karatuna ba nisa. Wannan na ƙasan, hannun wa ne?"

"Nawa ne."

"Me aka rubuta?"

Baba Inji ya leƙa. "Na gani."

Ta buɗe ta biyu, ta uku, har ta biyar, a hankali, tana lasar yatsa. "To me ka gani, yallaɓai? Ni dai ina asibiti."

Jami'ar ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta roƙe su su jira a waje. Suka zauna a benci kusan awa ɗaya, Doguwa na cizon farce, Baba Inji na karanta littafinsa karon farko, leɓensa na motsi.

Da aka kira su, an rage magana. Takardar gargaɗi ga Anti Kwala, da Doguwa, da Rediyo, za ta zauna a fayil shekara guda. Alhamis biyar ɗin za a gyara su zuwa hutun jinya. Ukun da suka rage, da Juma'o'insu, da makonnin aikin tiyata, duk hutu ne a rubuce. Kati yana nan. Saboda yatsunta kuma, ba za ta riƙe dutsen guga ba sai likita ya yarda. Za a sa mata kujera a ƙarshen layi, duk rigar da za ta hau sama ta bi ta hannunta ta duba.

Ta ce, "Teburin fa?"

"Naki ne. Ba za a ba kowa lambar ba."

Tun daga makon manaja ya fara saukowa ƙarfe takwas da rabi, hankici a hanci, ya ƙirga kawuna ya koma. Rediyo takan bi shi da gaisuwa har matakala ta uku: "Ya ciwon kan, yallaɓai? Allah ya ƙara sauƙi." Baba Inji ya yanko katako ya gyara ƙafar tebur na bakwai, littafin kuma ya rataye shi da igiya a bakin ƙofa, kusa da na sa hannu.

Rigar malamin jami'ar ta dawo ƙasa a sake ta. Anti Kwala ta zauna a sabuwar kujerarta, ta miƙa wa Doguwa.

"Juya ta baya. A'a, ba nan ba. Daga tsini."

"Yaya, shekara goma sha biyu ina guga."

"Shi ya sa kika kusa sa a kore mu duka. Daga tsini, na ce."

Doguwa ta ja tsaki, ta ɗora dutsen a kan tsinin ta tafi tsakiya. Anti Kwala ta karɓi rigar, ta ɗaga ta saitin kafar da haske ke shigowa, ta duba gefe biyu. Sannan ta ɗauko 'yar takarda mai lamba shida ta maƙala mata.