Shukar da Aka Bar wa Goggo

Goggo, ƙanwar babanmu, ta yi shekara da shekaru tana girki a makarantar kwana, kuma har ta bar aiki ba ta yarda akwai mai rai da ya taɓa ƙoshi ba. In ka ce mata alhamdu lillahi, sai ta ƙara maka ludayi biyu. Kyanwar gidanta ma da ƙyar take hawa katanga. Ba ta tambayar kowa yadda ake yin abu, ita ake tambaya.

Matar Auta, ɗanta na ƙarshe, ba mai yawan magana ba ce, kuma Goggo ta daɗe tana ƙorafin yarinyar ba ta sakin jiki da ita. Yarinyar tana da wata shuka a tukunyar ƙasa bakin taga: kara ɗaya ya rabu rassa kamar yatsu, kowane reshe da kansa na ganye masu kauri, a jere zagaye-zagaye kamar fure. Mahaifiyarta ce ta dasa ta kafin ta rasu. Da cikin matar Auta ya tsufa likita ya ce sai an kwantar da ita a asibiti, ta ɗauko tukunyar da kanta ta kawo wa Goggo. Ina wurin. Ta ce kada a ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙayau, ko da an ga tana zubar da ganye, haka take yi lokacin zafi, barci take. Goggo ta ce to, to, irin to ɗin da na san bai shiga kunne ba. Amma daɗi ya cika ta, don ba a taɓa yi ba surukar ta ba ta amanar wani abu.

Zafi ya zo, kawunan suka tsuke, ganyen ƙasa suka soma faɗuwa. Goggo ta duba ta ce yaran zamani ba su da tausayi, wannan ai ƙishi ne ƙiri-ƙiri. Ta shiga ba ta ruwa safe da yamma, har da ruwan wankin shinkafa, wai ya fi gina jiki. Na tuna mata abin da aka ce, ta tambaye ni renon 'ya'ya nawa na taɓa yi. Haushi kamar ya kashe ni.

Karan ya yi baƙi daga gindi, ya yi laushi, ya fara wari. Wata safiya reshe guda ya biyo hannunta. Ban taɓa ganin Goggo haka ba. Ta tura tukunyar bayan buhunan kicin, ta daina zuwa asibiti, sai dai ta aike ni da abinci, wai ƙafa ke damunta. Ranar haihuwa ma ba ta je ba. Kunya ce kawai, kuma ni da na so in ce ai na faɗa, sai na kasa ko kallonta.

Da aka sallamo su, Goggo ta fito da tukunyar da kanta, ta ajiye a gaban surukarta, idonta a ƙasa.

"Ga amanarki. Ni na kashe ta. Kin faɗa min, ban ji ba."

Matar Auta ta daɗe tana kallon tukunyar. Da faɗa ta yi, da ya fi sauƙi. Ta nemi wuƙa, ta yanke kawunan ɗaya bayan ɗaya. Duk sun ruɓe a ciki, sai wani ɗan ƙarami. Ta ɗora shi a taga, ta ce sai yankan ya bushe za a dasa, ƙila ya kama, ƙila ya ƙi. Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta karɓi jaririn daga hannuna ta miƙa wa Goggo.

Goggon da ta yi renon rabin 'ya'yan danginmu sai ta mayar da hannayenta baya.

"Mama, karɓi mana," in ji matar Auta.

Ta karɓa.

"'Yata," ta ce a hankali, "faɗa min yadda kike so a riƙe shi."