Saƙon da Na Gyara a Cikin Jirgi

Tafiya ɗaya na yi a jirgin ƙasa da ƙuruciyata, kuma har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci. Shekara guda ke nan da samun mulkin kai. Ina koyarwa a firamare a Tambuwal, ga keke, ga alƙalami a aljihun gaba, ina jin daga nan har Sakkwato babu wanda ya kama ƙafata a iya magana. Sai aka aiko daga Kebbe cewa jikin kakata, wadda ta haifi uwata, ya yi tsanani, kuma ni take nema.

Na tarar da ita kwance, ta zube ƙwarai. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne, ta ce mini miji marar cefane, in ce mata tsohuwar da ta ƙi mutuwa. Ranar ba ta yi wasa ba. Ta kori matan gidan, ta ce in matso kusa.

Zancen kawuna ne, ɗanta na fari. A wajenmu, balle gida mai jinin Fulani irin nasu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yabonsa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, in ana zancensa sai ta sunkuyar da kai. Kunya ake ce wa abin. Shekara goma sha ɗaya kafin nan rigima ta tashi tsakaninsa da ƙannensa biyu kan gonar fadama da ubansu ya bari. Kowa ya san shi ke da gaskiya. Aka yi ta cacar baki a tsakar gida, ita tana zaune tana kaɗi, ba ta ce uffan ba, don ba a ganin uwa tana goyon bayan ɗan fari. Ya saɓi gatarinsa ya bar garin, ba wasiƙa ba aike. Sai daga baya wani mai fataucin shanu ya ce ya gan shi da diga cikin leburorin layin dogo, wani wuri tsakanin Gusau da Funtuwa.

"Ka biɗo mini wancan," in ji ta. "Ka ce mai, jinkar ɗakina ta ruɓe. In ya ga dama."

Na jira in ji sauran, ashe ta gama. Na san ba rufin ɗaki take nufi ba, wautata ba ta kai nan ba. Shi ke baibaye mata ɗaki kowace shekara tun yana saurayi, kuma so take ta gan shi kafin ta cika. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, mace tana bakin kabari amma ba za ta iya buɗe baki ta ce ɗana ya zo in gan shi ba. Na ce bari in rubuta takarda mai kyau. Ta ƙi, wai bai iya karatu ba, sai ya kai wa bare ya karanta masa, ita kuwa ba ta son bare ya ji zancenta. Ƙannen nasa suna zaure suna ɓarar gyaɗa na wuce. Babu wanda ya ce in gaishe shi.

Na koma Tambuwal, hedimasta ya ba ni mako guda, fuska a murtuke. Na hau mota ta Jabo zuwa Sakkwato, na sake wata zuwa Gusau, ƙashin bayana duk ya kwance. Da na ga jirgi a tasha yana huci sai hankalina ya ɗan kwanta, na ce wannan ai kafin la'asar ya kai ni ko'ina. Ban san halinsa ba.

Jirgin nan ba ya sauri don kowa. Ya tsaya ya sha ruwa, ya tsaya a loda buhuna, ya tsaya a tsakiyar daji babu dalilin da aka gaya wa talaka. In ya tashi kuma sai ya riƙa jan jiki kamar tsohon jaki da kayan gishiri. Bencin katako ne, hayaƙin kwal yana shigowa ta taga, farar rigata ta zuwa makaranta ta koma ta maƙeri tun ba mu je ko'ina ba. Mata suna miƙo fura da dafaffiyar gyaɗa da ƙwan zabi a kowace tasha, fasinja suna ciniki a tsanake, ni kuwa ina lissafa numfashin da ya rage wa tsohuwa a Kebbe.

Kusa da ni wani dattijo ne mai fataucin goro, wanda ya san hanyar kamar tsakar gidansa. Bai bar ni na huta ba. Da muka zo daidai dutsen Kwatarkwashi ya tsunkule ni wai in duba ikon Allah. Na duba. Gaskiya ƙasar ta yi kyau, ƙarshen damina ne. An girbe gero an jera dammuna a gonaki, dawa ta yi nauyi ta sunkuya, auduga ta fara fashewa, ƙoramu da sauran ruwa, shanu sun ƙoshi suna kwance balbela na yawo a tsakaninsu. Kyan nan haushi ya ba ni. Na ji kamar duniya tana yi mini gwalo, kowa ya ƙoshi ya miƙe ƙafa ni kaɗai ke da gaggawa.

Duk inda muka tsaya sai in diro in ruga ofishin tasha, in tambayi wani dogon mutum ɗan Kebbe mai tabo a goshi. Akawuna suna jin daɗin Turancina amma ba su san shi ba. Suka ce lebura ba ya zama a tasha, yana can kan layi inda aka tura shi, in gwada gaba. A Tsafe na tsaya bin wani helima, shugaban masu aikin layi, da aka ce ya san duk leburori, na dawo na hangi bayan jirgi yana tafiya a hankalin nan nasa, amma ya fi ƙarfin guduna. Na kwana a garin, na wuni ina zagin ƙarfe. Abin takaici, da wani jirgin ya zo, ga dattijon goro ya sauka a nan shi ma ya sayar da huhunsa, muka sake haɗuwa a benci ɗaya.

Zaman banza shi ya cuce ni. Da a ce jirgin yana da sauri, da na kai saƙo yadda aka ba ni. Amma awa bayan awa ina zaune ina juya maganar nan a baki, ina jin ƙanƙantarta. Mutum ya yi shekara goma sha ɗaya yana fushi, ni kuma in keto ƙasa in ce masa jinka ta ruɓe? Ni da nake koya wa yara tsara zance? Na fara da ƙara cewa tana kwance ba lafiya, wannan gaskiya ne. Kafin tasha ta gaba na sa ta kuka. Gaba kaɗan na sa ta ce ta yi nadamar shirun da ta yi ranar faɗan gona. A ƙarshe na sa ta kira sunansa sau uku tana miƙa hannu wajen ƙofa. Na gwada wa dattijon goro, ya share hawaye da bakin rawani, ya ce duk ɗan da ya ji wannan bai tashi ba to ba mutum ba ne. Kaina ya kumbura, na manta cewa dattijon bai san kakata ba.

Rana ta uku na same shi, a wata ƙaramar tasha da babu gari kusa da ita, sai tankin ruwa da tsamiya guda da jerin ɗakunan leburori. Bayan la'asar suka dawo daga aiki. Na gane shi tun daga nesa, fuskar uwata ce sak aka ɗora wa dogon mutum. Ya yi murna da ni ƙwarai. Ya ba ni ruwa, ya gasa mini masara, ya tambayi uwata, ya tambayi maƙwabta gida gida, har liman da mai unguwa. Uwarsa ce kaɗai bai tambaya ba, shi ma da tasa kunyar. Wannan ma ya ƙara tunzura ni, na ce a raina yau zan fasa wannan shirun na gado.

Na miƙe tsaye kamar ina gaban aji, na zuba masa abin da na tsara, ban rage ko ɗigo ba. Yana zaune yana gyaran ƙotar diga. Da na gama ya ajiye ta, ya dube ni.

"Da bakinta tac ce sunana?"

"Sau uku, Kawu. Da kunnena na ji."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ɗana, randa nif faɗa rijiya ina yaro, tana tsaye bakin rijiyar. Cewa ta yi, ku fiddo wancan. Wagga mata ba ta kiran sunana ko wuƙa na bisa wuyanta. Wa ya aiko ka? Ƙannena na?"

Ya yanke a ransa cewa su suka shirya zancen, don su jawo shi gida su kai shi gaban alƙali ya sakar musu gonar a bainar jama'a. Nan ne ya kamata in durƙusa in ce Kawu ƙarya na yi, ga abin da ta ce. Ban yi ba. Na riga na rantse da Allah a gaban abokan aikinsa da suka taru, kuma malamin makaranta mai alƙalami a aljihu ba ya janye rantsuwa a gaban leburori, haka shaiɗan ya raya mini. Na kuma ce a raina, wanda hawaye bai motsa shi ba, ruɓaɓɓiyar ciyawa ce za ta motsa shi? Sai na ɗaga murya. Na ce masa mai busasshiyar zuciya, na ce duk danginsu haka suke, sun mai da shiru addini. Ya tashi ya shige ɗakinsa. Da safe ya rako ni bakin jirgi da ƙullin masara, ya ce in gaida uwata.

Komowa ta fi zuwa ciwo. Jirgin ya tsaya a duk inda ya tsaya da farko, dawar nan tana nan, dutsen nan yana nan, ni kuwa ban da abin tsarawa. Na zauna ina ɗora laifi a kan kowa. Na ɗora wa ƙannensa masu cin gonar zalunci, na ɗora wa al'adar da ke ɗinke bakin uwa, na ɗora wa dattijon goro da hawayensa masu arha. Duk suna da rabonsu, har yau ban yafe wa al'adar nan ba. Amma duk inda na kai laifin sai ya biyo ni ya zauna a bencina.

Na iske ta da rai. Ba ta tambaye ni ko na gan shi ba, ba za ta iya ba. Sai ta tambaya ko akwai ruwa mai kyau a wajen. Ta tambaya mutanen can gero suke ci ko rogo, kuma masu aikin dogo suna da jiki ko ramammu ne. Na amsa a gajarce, cikin fushi, kamar ita ta yi mini laifi. Na ce na same shi, lafiyarsa ƙalau, na faɗa masa, ya ƙi zuwa. Ta ce to. Ta juya fuska wajen bango. Ta tafi da sanin cewa ɗanta ya ji saƙonta ya ƙi, kuma ni na bar ta da wannan sanin, don ban iya cewa ba saƙonta na kai ba. Kwana tara bayan nan ta rasu.

Mai fataucin shanu ne ya kai masa labari. Ya iso kafin sadakar arba'in, da ƙura har gwiwa. Ya karɓi gaisuwa a zaure tare da ƙannensa, bai ta da zancen gona ba. Da mutane suka ragu ya yafuto ni bayan gida, ya ce yanzu ya san da gaske an aike ni, in gaya masa abin da ta ce, ba ƙari. Na gaya masa. Magana ce da ba ta kai numfashi biyu ba.



"Wanga zance nata na," ya ce. "Da shi kaf faɗa mini, da ban jira jirgi ba. Da ƙasa nika tahowa."

Na so ya mare ni. Na so ya tara dangi ya tona ni, in sami wanda zan yi wa ihu. Bai yi ko ɗaya ba, kuma bai gaya wa kowa ba, har uwata ta rasu ba ta sani ba. Ya zauna a Kebbe shekara ashirin bayan nan. In ya zo kasuwar Tambuwal a gidana yake sauka, ya ci tuwona, ya yi wasa da 'ya'yana. Amma in zan tafi Kebbe ko wani gari, sai ya nemi wani ya ba shi saƙo, ina tsaye. Ko gaisuwa bai sake ba ni in kai wa kowa ba.