Ƙwayoyin da Goggo ta ɓoye

Goggo, ƙanwar babana wadda ta raine ni, tela ce. Tun ina ƙarama ƙarar kekenta ke tashina da safe. Keken taka-da-ƙafa ne, shi ya ciyar da mu, shi kuma ya cinye mata gwiwar dama har likitoci suka ce sai an yi mata aiki an sa mata ta ƙarfe.

Matar nan ba ta shan magani sai ciwo ya kayar da ita. Haka take, kai kamar dutse.

Ranar aikin aka yi mata allura a jijiyar cinya, wadda ke kashe zafin ƙafar na wani lokaci. Ta farfaɗo tana dariya, har tana tsokanar nas wai ɗinkin rigarta ya karkace.

Nas ta miƙo mata ƙwayoyi. "Mama, ki sha tun yanzu. Allurar nan za ta sake ki, kada zafin ya same ki ba shiri."

"To, 'yata," in ji Goggo.

Ashe ƙarƙashin filo take tura su. Wai ina aka taɓa shan magani lafiya lau?

Washegari da hantsi allurar ta sake ta. Wayyo! Ban taɓa jin Goggo ta yi ihu ba sai ranar. Ina gyara mata filo ƙwayoyin suka zubo ƙasa. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Goggo! Don Allah me kika yi haka?"

Daga baya zafin ya lafa, amma tsoronsa bai bar ta ba. Mai gashin ƙashi na asibitin ya ce in ba ta riƙa lanƙwasa gwiwar tun yanzu ba, za ta sandare, ba za ta ƙara shiga ƙarƙashin keke ba. Na lallashe ta, na yi faɗa, na yi kuka. Da ya taɓa ƙafar sai ta riƙe hannunsa gam, ta ce gobe. Kullum gobe. Wallahi na gaji, har na daina magana.

Gwiwar ta sandare.

Yanzu a karkace take zama, ƙafar a miƙe kan kujera, tana taka keken da ta hagu. Jiya ta ɗinka hannun riga, ta ɗaga shi ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Miƙo min reza." Tun da nake ban taɓa ganin Goggo ta farke ɗinkinta ba. Na miƙa mata.