Ranar da Aka Kwaikwayi Kawu

Akwai makarantar sakandare a bayan gidanmu a nan Kebbe. Duk shekara idan damina ta yi tsakiya, gero ya kai ƙugu, wata safiya sai ka ji wani yana hura baki cikin makirufo, yana ƙwanƙwasa shi da yatsa don ya ji ko lasifika na aiki. Da na ji wannan ƙarar na san yau 'yan ajin ƙarshe za su yi bankwana da malamansu da ƙannensu. Maƙwabtana kan ci ado su tafi. Ni kuwa sai in rufe tagata, ba na ko leƙawa. Bari in gaya maka dalili, ko ka ga laifina ko kada ka gani.

Ƙauyenmu babu sakandare a lokacin, saboda haka da na gama firamare mahaifiyata ta kai ni Tambuwal wurin yayanta. Kawu malamin lissafi ne a makarantar da aka sa ni, dogo siriri, kullum akwai farin alli a gemunsa da bakin hannun rigarsa. Ba ya duka. Idan ya gama bayani sai ya juyo, ya sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci, ya ce, "Kun gane, ko in koma?" Ko mutum ɗaya ne ya yi shiru, zai goge allon ya koma tun daga farko.

Gidansa yana da babban zaure, kuma zauren bai taɓa zama babu kowa ba. Yaran ƙauye da suka sami makaranta ba su da wurin kwana, daga Jabo, daga wajen Dogon Daji, daga can cikin ƙasar Kebbe, duk nan ake sauke su. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, tukunya ɗaya take ɗorawa ga kowa. Har yau ina tuna ƙanshin tuwon dawa da miyar kuka idan ta buɗe murfi da yamma, da yadda hayaƙin kara ke kwanciya a tsakar gida bayan an yi ruwa, da ƙarar kwanonin da nake jerawa in miƙa zaure.

A cikin yaran zauren akwai wani ɗan ƙauyen Fakku, maraya. Uwarsa ce ta kawo shi da kanta, ta durƙusa ta ce ga amana. Yaro ne mai shiga rai, kuma Allah ya ba shi baiwar kwaikwayo. Yakan yi muryar mai karanta labarai a rediyo da Hausarsa ta Kano, ya yi ta dillalin awaki a kasuwa, ya yi kukan jaki har jakin maƙwabta ya amsa. Inna kan yi dariya har tari ya sarƙe ta. Cikin duk yaran shi kaɗai aka yarje wa shiga cikin gida ba tare da ya jira izini ba, kuma shi ake ba ragowar kwanon Kawu. "Ɗana" Kawu ke ce masa, shi kuma ya ce "Baba".

Ina aji biyu, ɗan Fakku yana ajin ƙarshe, ciwo ya kama Kawu a mafitsara. Fitsari ya riƙa kuɓuce masa ba da saninsa ba. Idan ba ka taɓa zama da dattijo mai wannan lalura ba, ba za ka san yadda take cin mutum ba. Ba zafin ba ne, kunyar ce. Ya koma sa babbar riga mai duhu ko da ana tsananin zafi. Ya daina shan ruwa da safe, sai ya yini leɓɓansa a bushe. A jakarsa, ƙarƙashin littattafai, akwai wando na canji a naɗe cikin leda. Ni da Inna muke wankin tun kafin yaran zaure su tashi, mu shanya a bayan ɗaki inda ido ba ya kaiwa. Ba a taɓa ce mini in yi shiru ba. Na dai ga fuskar Inna na gane.

Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne salla. Shi ke jan jam'i a ƙofar gida tun kafin a haife ni, sai ga shi ba ya amincewa da tsarkin tufafinsa. Wata rana ya kira ɗan Fakku har ɗakinsa, ya gaya masa gaskiyar abin da ke damunsa, ya ce daga yau shi zai riƙa shiga gaba. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ga yaron ya fito idanunsa jawur. A raina na ce lallai Kawu ya yi sa'ar ɗa.

Aka gama jarrabawar fita, aka sa ranar bankwana. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi, filin makaranta yana ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganyen dogon yaro. An kafa rumfuna, an jero kujerun roba. Mu ƙananan 'yan mata aka ba mu rabon abinci, shinkafa dafa-duka da nama, da ruwan leda. Malamai suna layin gaba tare da shugaban makaranta da baƙi daga ƙaramar hukuma. Kawu yana can ƙarshen layin, ya zaɓi kujerar da ta fi kusa da hanyar fita.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai. Shugaban ɗalibai ya ce malamai su ne iyayensu na biyu. Wata ta juyo wajenmu ta ce mu ƙannensu ne na har abada, mu riƙe tarbiyyar da suka bar mana. Wasu 'yan ajinmu har da share hawaye. Daga nan aka ce saura wasan kwaikwayo, inda masu fita za su kwaikwayi malamansu don nishaɗi. Aka yi malamin Turanci da taunar harshensa, aka yi malamar kimiyya da tafiyarta ta yanga. Kowa ya yi dariya, har su waɗanda aka kwaikwaya.

Sai ɗan Fakku ya fito. Ya sa babbar riga mai duhu, ya shafa alli a haɓa, ya ɗora tabarau a ƙarshen hanci. Tafiyar ma ta Kawu ce, har ɗan jan ƙafar da yake yi. Ya yi kamar yana rubutu a allo, ya juyo ya ce, "Kun gane, ko in koma?" Wallahi da ka rufe ido sai ka rantse Kawu ne. Fili ya ɗauki tafi. Na dubi Kawu na ga yana murmushi yana gyaɗa kai, irin murmushin uba.

Yaron ya koma ga allonsa, sai ya tsaya cak. Ya matse cinyoyi, ya waiga hagu ya waiga dama. Ashe ya ɓoye ledar ruwa a cikin wando. Ya matse ta, ruwa ya bi ƙafarsa ya sauko ya taru a kan simintin dandamalin wasan. Ya dubi ƙasa, ya dubi jama'a, ya ja gefen riga ya rufe gabansa. Sannan ya buɗe jaka ya zaro wando a cikin leda, ya ɗaga shi sama, ya ce da muryar Kawu, "Ku yi aikin aji, ni ka zuwa in dawo."

Ina riƙe da faranti a lokacin, a daidai gaban layin manya. Abin da na gani ke nan da har yau ba ya barin idona. Ba yaron ba, bakunan. Bakuna cike da shinkafa, a wage, ƙwayoyi na fallatsowa kan riguna. Shugaban makaranta ya kifa kai yana dukan cinya, mai yana nasowa a gefen bakinsa. Wani baƙo mai furfura ya shaƙe da nama, ana bubbuga masa baya yana ci gaba da ƙyaƙyatawa. Malamar kimiyya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Yadda suka yi saurin ganewa ya nuna mini dama sun daɗe da sani, suna raɗa a ofis, yau ne kawai aka ba su damar yin dariyar a fili. Malamin addini shi kaɗai ya sunkuyar da kai, amma bai tashi ba, bai ce a tsaya ba. Na ajiye farantin a kan ciyawa, na zaga bayan aji na amayar da kunun da na sha da safe.

Da na dawo Kawu yana nan inda yake, hannuwansa a kan gwiwa. Murmushin bai gama barin fuskarsa ba, kamar ya manta da shi a wurin.

Bayan wasan sai aka zo neman gafara. Masu fita suka yi dogon layi suna bin malamai ɗaya bayan ɗaya, maza na ba da hannu, mata na rusunawa, kowa na cewa a yafe mana. Waɗanda yanzun nan suke birgima don dariya, su ne suka zo gabansa da fuskar tausayi. Ɗan Fakku ma yana cikin layin, bai ko cire rigar ba, ƙafar wandonsa a jiƙe. Ya kama hannun Kawu da hannu biyu. Kawu ya ba shi, ya ce Allah shi yi albarka, kamar yadda ya ce wa na gabansa.

Da taro ya watse ya miƙe tsaye, sai na ga idanu sun sauka gaba ɗaya zuwa ƙasan rigarsa. Na yara, na malamai, na baƙi. A bushe yake. Ya ratsa su a hankali ya tura babur ɗinsa har bakin ƙofa, bai hau ba sai da ya fita.

Da la'asar yaron ya zo ɗaukar kayansa. Tun kwana biyu kafin nan Inna ta soya masa ƙuli-ƙuli, ta ƙulla masa daddawa da kuka ya kai wa uwarsa. Labari ya riga shi isowa gida. Ta tsaya a ƙofar madafa da ƙullin a bayanta, ta ce hannunta ba zai miƙa masa ko tsinke ba.

"Ba shi," in ji Kawu daga kan tabarma. "Don uwatai anka yi."

Yaron ya durƙusa yana sosa ƙeya. Da alama sai a lokacin ya lura gidan ya yi tsit. Ya ce, "Baba, wasa na fa. Kowa anka kwaikwaya."

Kawu ya dube shi ta saman tabarau, ya ce, "Na gani. Ka iya."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na ji haushin Kawu a ranar, na so ya ɗaga murya ko sau ɗaya. Yaron ya karɓi ƙullinsa ya hau ɗan acaɓa ya tafi.

Masu fita sun ce sun bar mana tarbiyya, to ga abin da suka bari. Da aka dawo hutu, duk lokacin da Kawu ya juya ga allo sai wani daga baya ya yi ƙarar zubar ruwa da bakinsa. Aka riƙa ajiye masa ledar ruwa a kan kujera. Aka laƙa masa wani suna da ba zan rubuta ba, har yaran da ba su zo makarantar ba sai daga baya sun gaje shi. An yi masa aiki a asibiti a Sakkwato, ya warke sarai, amma sunan bai warke ba. Kafin shekara ta zagayo ya ajiye aiki, ya koma ƙauye ya kama noma. Zauren ya rufe. Wasu daga cikin yaran da ke kwana a ciki ba su sami wani masauki ba, karatunsu ya tsaya a nan. Har Allah ya karɓi ransa ban sake ganin ya shiga gaba a salla ba.

Ɗan Fakku yanzu babban mutum ne, da tumbi da mota. Na ji an ce makarantu na gayyatarsa irin wannan biki ya yi wa yara nasiha kan girmama malamai, kuma yakan ambaci wani malamin lissafi da ya riƙe shi kamar ɗa. Wataƙila har cikin zuciyarsa yake faɗa. Wannan ne ma ya fi tayar mini da hankali.

Bikin ya canza. Yanzu yara na zuwa da fararen riguna suna rubuce juna da alƙalami mai kauri, ana kiɗa, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Ina jin mutane na cewa yaran zamani sun lalace, ba kamar na da ba. Ba na sa baki, don na ga na da, kuma na ga manyansu da shinkafa a baki. Abu ɗaya nake gode wa Allah a kai, a lokacin babu waya a hannun kowa.

Ni aikin jinya nake yi a ƙaramin asibiti. Kusan kowane wata sai wani dattijo ya shigo da babbar riga mai duhu, ya zauna a gefen kujera yana kame-kame, ya ce ciwon baya ne ya kawo shi. Nakan gane tun daga zamansa. Kafin in tambaye shi komai, sai in dubi wanda ya rako shi, ko da ɗan cikinsa ne, ko da shi ke riƙe masa sanda, in ce ya jira mu a waje. Sai na ga ya yi nisa da taga nake rufe ƙofa.