Inda Yaya Hamadu Ya Manta Ya Raba Biyu

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Hamadu, malamin lissafi a nan Garuwa, amma har yau yana koyarwa. Shekaranjiya ma na ji muryarsa a wayar wata yarinya a bakin kasuwa, sai da na rage tafiya.

Lokacin da korona ta rufe lekol, wato makarantu, ne ya fara ɗaukar darussa a waya, Faransanci kaɗan, Hausa da Fillanci da yawa. Ya tura wa ɗalibansa, su kuma suka tura gaba, har Mayo-Oulo. A bayan muryarsa ana jin kajin gidanmu da kukan kurciya. In na rufe ido, ga shi nan gindin darbejiya, yana zane a ƙasa da tsinke kamar wayar tana gani. Da zai ga allon da muke haskawa a bango yanzu, na san dariya zai yi, ya tambaya ko allon ya san sunan yaran.

Ni ma lissafin nake koyarwa. Bana wata ɗalibata, Fadimatu, ta auna gona mai kusurwa uku, amsarta ta ninka amsar daidai sau biyu. Na ce ta yi kuskure, ta kafe wai haka Malam Hamadu ya yi. Ba ta san ƙanwarsa nake ba.

Na koma gida na saurara. Wallahi gaskiyarta. Yana tsakiyar misalin wata murya ta kira shi shan kunu, da ya dawo ya manta bai raba biyu ba. Muryar nan tawa ce. Ga jarrabawa ta matso, Allah kaɗai ya san yara nawa suka haddace shi haka.

Abokan aiki suka ce abu mai sauƙi, a yanke wurin a sa muryar wani. Na yi sati ina juya wayar, na kasa. Yankewa fa, har da "ina zuwa" ɗin da ya ce mini.

Ranar Juma'a da hantsi na zauna inda yake zama, na bar darasinsa ya ƙare, na ɗora muryata a baya: "Yaya, ka manta ka raba biyu. Yara, ku raba."

Wannan ne ke yawo yanzu. Masu saurare suna tambayata dalilin dogon shirun da ke ƙarshe. Yaya bai taɓa karɓar gyarana ba sai ya yi gardama, shi ya sa na ɗan jira shi kafin in kashe.