Kukan Ƙofar da Ka Hana a Gyara

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Safar, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanena, wanda mutanen layinmu ke kira Mai Kunne, bayan gajeriyar jinya.

Ƙanena, ka rera waƙa, ka rubuta littattafai, amma ba a taɓa sa ka a rediyo ba. A bayan wani shagon littattafai kake waƙarka, kujeru sun fi masu sauraro yawa. Na taɓa tambayarka ko hakan ba ya damunka. Ka ce, “Yaya, ai kujera ba ta tashi a tsakiyar waƙa.” Littattafanka kuwa a kan keken ɗinkina na ɗinke bayansu, kana tsaye a kaina kana roƙon kada in gyara maka inda ka bar shafi fari da gangan.

Ka san ba na sauraron kiɗa, ba ka kuma taɓa yi min ba'a a kai ba. Sai ka ajiye kayan kiɗanka in za ka zo wurina. Da wayarka ka riƙa ɗaukar ƙarar kekena, da ɗigar famfo, da kukan ƙofar ɗakin ɗinkina, ka ɗora muryarka a kai can ƙasa-ƙasa. Ka miƙo min wayar ka ce, “Wannan babu ganga, Yaya. Ƙofarki ce.” Na saurara. Ban gane duka ba, ba zan yi maka ƙarya ba, amma na ji ɗakina a ciki.

Tun daga ranar ka hana a sa wa ƙofar mai. Kai kaɗai ka san yadda kake ɗaga ta kaɗan, ka tura a hankali, ta ja wani dogon kuka siriri. Da shi nake sanin kai ne kafin ka yi sallama.

Jiya babban ɗana ya ɗauko man keke, ya ce ƙarar tana damun masu zuwa gaisuwa. Na ce, “Bar ta, ta kawunka ce.” Da kowa ya watse na tashi na ɗaga ta yadda kake yi, na tura. Na sake gwadawa. Ta yi ƙara dai, amma ba irin taka ba. Na koma na zauna.

Ya Allah Ka jiƙan ƙanena, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yaye masa kewa a cikinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa da 'yarsa, da 'yan tsirarun nan da suka zauna har ƙarshen waƙoƙinsa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.