Luguden Inna Dije

Wata Asabar ce a kakar shekarar da na shiga aji huɗu, an gama yankan gero ke nan, farar bas ta tsaya a ƙofar gidanmu, can ƙauyenmu na wajen Sundimina. Ina tsugune ina wanke ƙore sai ga samari da kyamara a kafaɗa. Wai 'yan fim ne daga Kano, sun zo ɗaukar duwatsun Birnin Kudu, aka ce musu akwai tsohuwar da babu mai kama ƙafarta a lugude. Kakata ke nan, Inna Dije. Takan wurga taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, tana waƙar dakan da ta gada wurin uwarta, matan gida na amshi. Baba ya leƙa ya tambayi Malam Liman, wanda zana kaɗai ta raba gidanmu da nasa, Malam ya ce shi dai bai ga aibin daka ba. Aka juye gero a turmi, Inna ta gyara ɗaurin ƙirji, ta yi luguden da ban taɓa ganin irinsa ba.

Kai, na cika baki a makaranta! Ko carafke muke yi sai na sako zancen, har ƙawayena suka sa mini suna jikar 'yar fim. Inna kuwa ta nuna abin bai dame ta ba, amma duk wanda ya dawo daga kasuwa sai ta tambaye shi ko kaset ɗin ya fito.

Da rani Kawu Sale ya goyo talabijin da bidiyo da batirin mota a babur tun daga Gwaram, kaset ɗin na aljihunsa. Bayan la'asar tsakar gida ta cika maƙil, Inna a gaba da sabon kallabi. Muka ga rumbunmu, muka ga gindin turmi, muka ga jar kazarmu tana tsattsagar gero, sai kawai fim ɗin ya koma cikin gari. Kawu ya mayar baya, muka sake kallo. Kaza ta fito, Inna ba ta fito ba.

Daga nan kaina ya ɗaure, kuma har yau bai kwance ba. Kawu ya ce masu tace fim na gwamnati ne suka yanke, saboda kafaɗun mata a waje. Inna ta ce, "Yo wa ya taɓa lugude da hijabi?" Wani ɗan unguwa ya ce malaman birni ne suka ce muryar mace al'aura ce. Wani kuma ya rantse masu fim ɗin ne suka cire da hannunsu don tsoro, tun kafin kowa ya gani. Inna ta matsa jikin zana ta ce, "Malam, ashe duk shekarun nan saɓo nake yi kana ji?" Malam ya ce, "Inna, wallahi ni ban ce ba." Amma bai ce ta ci gaba ba.

Washegari aka yi daka shiru, sai ƙarar taɓarya. Na roƙe ta, na yi kuka, ta ce ita ba za ta tashi gaban Allah da abin da ba ta san hukuncinsa ba. Haka ta rasu ba ta ƙara rerawa ba.

Yanzu inji ke surfe da niƙa a ƙauyen, kuma babu irin rawar da yara ba sa kallo a waya. Ni na girma ina girmama malamaina, ba na kuma son a ɓata tarbiyya, amma na kasa gane wanda waƙar Inna za ta ɓata. Kwanan baya 'yata ta ce in rera mata ita. Na buɗe baki, sai na tarar amshin kawai na riƙe, domin baitocin na Inna ne.